Guntun Gwadon Surukata

Shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, maigidana yana tuƙin babbar mota, yana ɗaukar gero daga Katsina zuwa Jos. In ya yada zango ba ya kama ɗaki. Tamfol yake ɗaurewa a ƙarƙashin motar kamar lilo, ya kwanta a ciki. To sanyin can ta ƙasa yake shiga. Ƙugunsa ya riƙe har sai an kama shi yake sauka daga mota, mai motar kuma ya fara zancen neman wani direba.

Ni kuwa duk Ƙofar Sauri an san hannuna a ɗinki. Na sayi audugar rimi na yi masa shimfiɗa doguwa, daga kai har ta wuce ƙafa da kamu guda. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo.

Ya tafi da ita, bayan kwana shida ya dawo a dafe da bango. Jelar shimfiɗar ta ja ƙasa ta sha laka, audugar kuma ta kwanta a ƙarƙashinsa kamar waina.

Surukata tana zaune tana gyaran zogale. Ta ce, "Ɗiyar nan, ina gwadon da na ba ki?"

Na san inda yake. Guntu ne, saƙar hannu, mai kauri, da igiya a kusurwa huɗu. Tun da ta ba ni na raina shi, na mai da shi marufin akurkin kaji.

Na ce, "Inna, wannan ai ko gwiwa da ƙyar yake kaiwa."

Ta ce, "To gwiwar ce ke tuƙi ko ƙugun? Ɗauko mani."

Na wanke shi ina jin kunya. Ta sa muka ɗaura tamfol tsakanin darbejiya da turken tsakar gida, ta ɗaure gwadon ta waje, a ƙarƙashi, ya rungumi tamfol ɗin daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ashe ba kwanciya ake yi a kansa ba. Nauyin mutum ba ya danne shi, iska ba ta samun hanya, ba abin da ke jan ƙasa. Ƙafa kuwa, ta ce a zura a buhu. Wai haka ta yi wa nata mijin lokacin da yake bin motocin gyaɗa.

Maigidan ya shiga ya gwada, ba a jima ba sai muka ji minshari da rana tsaka.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a kan motar nan. Doguwar shimfiɗata na yanke ta biyu, na sa mata igiyoyi, amma ko sau ɗaya bai sake tafiya da ita ba. Kaji kuma na nema masu tsohon buhu.