Furen da Aina'u Ta Shuka

Ranar hadari ya haɗo tun da hantsi, gabas ta yi baƙi ƙirin, amma ruwan ya ƙi sauka. Ko ganyen dalbejiya ba ya motsi. A ranar ce na fara jin tsoron furannin Aina'u.

Aina'u matar yayana Muntaka ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a ƙauyenmu da ke gaba da Gezawa. Mace ce mai hannun shuka, ko kara ta soka a ƙasa sai ya yi tsiro. Muntaka kuwa kububuwa ce ta sare shi a gonar gyaɗa, ya yi ta zubar da jini ta dasashi har Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan ba ta ƙara kiran sunan maciji ba, sai dai ta ce abin ƙasa.

Da ta fita takaba ta je kasuwar Gezawa, ta dawo da wani iri siriri baƙi a ƙulle a leda. Mai sayarwa ya ce mata sunansa marigol, wai warinsa na korar abin ƙasa. Ta fara shi a fasassun tukwane. Ya fito da fure ruwan ɗorawa, wani ja-ja kamar manja, ganyen kuma in ka murza sai ka wanke hannu. In furen ya bushe ta murje ta watsa. A hankali ya zagaye ɗakinta, ya bi gindin katanga, tsawonsa ya kai gwiwa.

Mu a nan mace takan share gindin ɗakinta ƙal, ta bar ƙasa fili, don in wani abu ya ja ciki a ga sawunsa da safe. Aina'u ta daina. Ruwan wanke-wanke ma can take zubawa. Wurin ya yi sanyi, ya yi duhu, kwaɗi suka tare.

Ranar hadarin nan na shiga gaishe ta, sai na ga saɓar maciji maƙale a karan furen. Ta fi hannuna tsawo, ba ta ma gama bushewa ba.

"Matar yaya, zo ki gani, baƙonki ya manta rigarsa."

Ta leƙo ta taɓe baki. "Kai dai Ɗanliti, tsoro tun kana yaro. Iska ce ta kwaso ta daga gona."

"Wace iskar? Bari dai in ɗauko lauje in rage miki."

"Taɓa ka gani. Da yayanka yana da irinsa a gonarsa, da yanzu yana nan yana yi maka faɗa."

Na juya na fita.

Ba a jima ba 'yarta Tahira ta zo goyon ciki, cikin fari, ya tsufa har ba ta iya tashi da sauri. Uwar ta shimfiɗa mata tabarma dab da furannin. Na ce wa Tahira ta matsa tsakar gida, ta yi dariya ta ce, "Baba, Inna ta ce nan ya fi ko'ina aminci." Ƙwai ya fara ɓacewa a akurki. Daga baya kwaɗin suka yi tsit. Na jingine sanda a bakin ƙofata, kullum kunnena yana kan katangar nan.

Wata la'asar na ji ihu. Aina'u ta sunkuya tsinkar busasshen fure, kusa da inda Tahira ke kwance, sai gamsheƙa ya fasa kai ya feso mata dafi a fuska. Muka kashe shi da ni da maƙwabta, muka wanke mata ido da ruwa, aka tafi da ita asibiti a birni. Idon hagu bai dawo ba.

Tana can na sa lauje na share furen duka. A ƙarƙashinsa na tarar da rami, ya nufi gindin ɗakin da Tahira ke kwana. Na cika shi da duwatsu na liƙe da laka.

Da ta dawo ta tsaya ta dubi wurin da ido ɗaya, ta daɗe. Ta ce, "Da ba don furen ba, da cikin ɗaki zai shiga." Ban yi mata musu ba.

Tahira ta sauka lafiya, aka sa wa 'yar Ramlat. Yanzu Aina'u tana Ungogo wajensu, a gida mai daɓen siminti, tana shuka furenta a cikin bokitan fenti.