Bayan Tallan Sabulu

Shekarar da mutanen gidan rediyo suka zo Fadan Kagoma ɗaukar waƙoƙin zumuntar mata, mahaifiyata ce mai ba da waƙa. Ran nan na saki baki ina kallon wani akwati mai faifai biyu yana juyawa a kan bencin coci, wai shi zai haɗiye muryoyin mata da kiɗan tulu ya kai su duniya. Aka ce mu kasa kunne ranar Lahadi.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Kafin a haƙa citta Mama ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Baba, tsohon malamin firamare da bai ɗauki rediyo bakin komai ba in ba labarai ba, ya koma kullum kunnensa na jikinta. Muryar matarsa kawai yake so ya ƙara ji.

Na je ofishinsu na Kafanchan bin sawu. Na tarar an sallami ma'aikata da yawa, an soke shirin waƙoƙin karkara, sai talla da kiɗan disko. Wata mata da na samu ta ce, "Sista, sai haƙuri fa. Ba sabon tef, tsoho ne muna gogewa mu sa talla a kai." Na dawo gida na kasa gaya wa Baba.

Wata Asabar da hantsi muna ɓarar gyaɗa aka sa tallan wani sabulu a rediyo. Mai tallan ya gama zuba, wai ko gindin tukunya sai ya yi fari. Sai tulu ya yi gum, sai ga guɗa siririya mai karyewa a ƙarshe kamar mai shirin dariya. Duk garinmu Mama ce kaɗai ke guɗa haka. Ƙwarya ta suɓuce mini. Ashe gogewar ba ta kai ƙarshen tef ɗin ba, kuma ba wanda ya rage a gidan rediyon da zai kula ya datse.

Har yau ban gama mamaki ba. Matar da ko Kaduna ba ta taɓa takawa ba, ga ta tana shiga gidajen mutane safe da yamma.

Tun daga ranar, da an fara tallan sai Baba ya tuɓe hula ya ɗaga hannu, ko fasto ne ke magana.

"Ku yi shiru," in ji shi. "Mama naku tana zuwa."