Sarƙar Malam Ashiru

Malam Ashiru ɗan gidan maƙera ne a Ƙofar Galadima. Kakansa garma da lauje ya ƙera, shi kuwa ya samu aiki a wani kamfani da ke bayan ganuwa, inda ake haɗa injin niƙa da injin sussukar masara da tirelar tarakta. Shi ne shugaban sashen narka ƙarfe. Mutum ne marar hayaniya, har maƙwabta kan ce ba su taɓa jin muryarsa ta ƙetare katanga ba.

Da mai kamfanin ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da kaso babba ga wasu masu hannun jari daga Kaduna. Su ba su san kowa ba. Abin da ya dame su shi ne wane sashe ke kawo riba, wanne ke cin jarinsu. Suka turo akanta, Hajiya Zakiyya, ta tara shugabannin sassa.

"Daga yau kowane sashe da lissafinsa," in ji ta. "Wuta, gawayi, albashi, duk a kansa za a ɗora. Wanda bai fitar da kansa ba a ƙarshen shekara, masu jari ba za su riƙe shi ba."

Tsoro ya kama Malam Ashiru. Kowa ya san babu sashen da ya kai nasa cin wuta. Ga magidanta a ƙarƙashinsa, rabinsu 'yan unguwarsu ne, shi ya kawo su. In aka rufe, da wane ido zai dube su a masallaci? Abinci ya daina shigarsa. Matarsa Hauwa'u ta tambaye shi, ya ce gajiya ce.

A sashen akwai sarƙar da ke ɗaga tukunyar narkakken ƙarfe zuwa wurin zubi. Ta tsufa, wani zobe nata ya siranta. Sabuwa sai daga Legas, kuma da tsada. Ya yi niyyar neman a canza, sai ya tuna a kan sashensa za a rubuta kuɗin, ya fasa.

Rilwanu, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya ja shi gefe. "Malam, sarƙar nan fa kuka take yi."

"Na ji. Mu lallaɓa da ita har a gama lissafi."

Daga nan tsoronsa ya zama biyu. In ya hango Hajiya Zakiyya, sai ya canza hanya. In aka ɗaga tukunya, ya kafa wa zoben nan ido yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Wata Laraba da hantsi zoben ya buɗe. Tukunyar ta karkace, ƙarfe ja wur ya kwararo ƙasa yana tartsatsi. Ma'aikata suka watse suna salati. Rilwanu ne na kusa, ya yi tsalle amma ƙarfen ya taɓa ƙafarsa ta hagu. Malam Ashiru ya finciko shi, ya goya shi zuwa mota.

Hajiya Zakiyya ta same shi a barandar asibiti, ya faɗa mata komai. Ta zauna kusa da shi.

"Malam, ai kayan aiki irin sarƙa ba a shekara ɗaya ake ɗora kuɗinsu ba. Rarraba shi ake yi a kan shekaru. Da ka tambaye ni."

"Tsoronki nake ji, Hajiya."

"Ni ma ban yi muku bayani yadda ya kamata ba," ta ce, muryarta a sanyaye.

Ƙarshen shekara lissafi ya fito. Sashen narka ƙarfe ya tsira da ƙyar, na tirela aka rufe. Rilwanu ya warke, sai dai yana ɗingishi. Malam Ashiru kuwa bai sake iya tsayawa kusa da tukunya ba. Da kansa ya roƙi a mayar da shi sito, aka rage masa albashi, bai yi gardama ba. Yanzu duk safiya yakan biya ta gidan Rilwanu, ya ɗauke shi a babur su tafi aiki tare.