Wutar da ba a kashewa da ruwa

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma a gidanmu ni ne injiniya, tunda babu wanda ya fito takara da ni. Shekarar da muka bar wa 'ya'ya gona a Gafasa muka dawo Gaya, babban ɗanmu ya sa aka ja mana wuta, ya haɗo mu da wani tsohon firji mai gurnani kamar rago mai mura. Daga nan na shiga bincike.

Na fara da ƙwan lantarki, irin na da, mai siririn zare a ciki. In an kunna, zaren ya yi fari fat, ba hayaƙi, ba toka. Na ce lallai wannan wuta ce mai tarbiyya. Sai firji ya nuna mini ɗaya halin nata. Na idar da alwala, ƙafa ba takalmi, hannu da danshi, na kama murfinsa. Wani abu ya tsarga mini har kafaɗa, kamar an zuba mini bulala ta cikin ƙashi. Washegari na koma da silifas na roba da busasshen hannu, shiru. Sau uku na gwada, don mu masana ba ma yarda da sau ɗaya. Na gano wannan wuta ruwa take so, kuma kullum hanya take nema ta shige ƙasa. In ta samu jiƙaƙƙen mutum tsaye a kan siminti, ta cikinsa za ta bi.

A nan na yi laifi. Maimakon in faɗa wa Hajiya, matata tun muna da baƙin gashi, sai na mai da abin tsokana. Duk ranar da firji ya ja ta ta yi ƙara, sai in gyara murya in ce, "Hajiya, ai wannan na'ura magulmata take kamawa. Ni kin ga tana taɓa ni?"

"Allah ya shirye ka, Malam," take cewa, tana yarfe hannu.

Wata rana da damina, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, Hajiya na wanke-wanke a tsakar gida, zaninta a jiƙe, ƙafarta tsirara. Aka kawo wuta da ƙarfi, fanka ta ɗau gudu kamar za ta bar rufi. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki na ji tas-tas daga bayan firji, na ga shuɗin tartsatsi yana fita daga soket, warin roba ya cika mini hanci. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wuta!"

Macen da ta tashi a tsakanin rumbuna da dangar kara, in ta ji wannan kalma ba ta tambaya. Da haka ta taɓa ceton hatsinmu na shekara. Kafin in juya ta sunkuci bokitin ƙarfe cike da ruwa ta nufo ɗakin.

"Hajiya, tsaya! Wuta ce!"

"To ai ita zan kashe!"

"Ba wutar ba, wuta!"

"Malam, matsa mini!"

Kalma ɗaya gare mu ni da ita, kuma ba ni da wata. Na ga abin tun bai faru ba: ruwan ya miƙe daga soket zuwa bokiti, hannunta a kan ƙarfe, ƙafarta a kan jiƙaƙƙen siminti. Hanyar da na gano da kaina, ga ta an shimfiɗa, kuma matata ce a tsakiya. Ta ja bokitin baya za ta watsa, ni kuwa na saƙala mariƙinsa da sandata na fizge da duk sauran ƙarfin da tsufa ya bar mini. Ruwan ya kife a tsakar gida, dokin ƙofa ya tare shi. Na ja gwiwa zuwa zaure, na buge babban makunni da busasshen kan sandar. Firji ya yi shiru. Ɗan abin da ke ci a jikin soket, yashi muka zuba masa.

Sai na zauna daɓas a ƙasa. Hajiya na ta faɗa, wai na kusa ɓalle mata hannu. Na ce ta zauna. Na faɗa mata komai, alwalar, silifas ɗin, gwajin nan uku.

Da na gama, ta ce:

"Wato tun bara ka sani?"

"Na sani."

"Ka bar ni ina ta istigfari a kan gulmar da ban yi ba?"

Kwana biyu tuwona yana zuwa ba a ce mini ga shi ba. Ranar kasuwa na kawo mai gyaran wuta ya sake soket, ya binne wata waya a ƙasa don wutar ta samu hanyar da ba ta jikin mutum ba, na kuma sayo wa Hajiya silifas.

Ta yafe mini, har ta koma kirana injiniya, da wata irin murya. Amma har yau, in unguwa ta ɗau ihun an kawo wuta, mutane ƙwai suke ɗaga kai su duba. Ni ƙafarta nake fara kallo.