Kawuna na Kebbe da Gumbar Makoki

Har yau in na ji ƙanshin gumba, kakata ta wajen uba nake tunawa, sai kuma raina ya ɓaci. Ta rasu da damina, gero ya fara ciki, ina ƙaramin yaro a gidanmu na Tambuwal. Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa suka jeru. Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai: tsohuwar da ba ta iya kwana sai da fitila, yaya take ita kaɗai a cikin ƙasa?

Na zaci kowa tunanin da yake yi ke nan. Ina. Da an shafa fatiha sai hirar taki da shanu ta ɓarke. Jagoransu kawuna ne, wan mahaifiyata, da ya zo daga Kebbe da bakinsa kamar an kunna rediyo. Yana tauna gumba yana ƙorafin an yi rowar sukari. Na matsa kusa na tambaye shi ko Kaka tana jin tsoro.

"Kai, wanga yaro, mi ka damunka? Tashi ka ba mutane wuri."

Tun ranar na raina shi, na raina ire-irensa. In ka taɓa zama cikin taro kana bin fuskoki da kallo, kana neman ko mutum ɗaya da yake tambayar kansa me ya kawo mu, ina muka dosa, to ka san yadda na girma. Na yanke cewa yawancin mutane ciki ne kawai da baki.

Bara aka ce Kawu ba lafiya, na hau babur zuwa Kebbe. Ƙofar gidan cike da 'yan dubiya, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Mutanen da can ko hirar banza sun iya, waɗannan ita ma ta gagare su. Na iske Kawu ya rame kamar kara. Ya kori jikokinsa, ya riƙe wuyan hannuna.

"Ɗana, tsoro nika ji. Tun ina saurayi nika jin shi, ban taɓa gaya ma kowa ba. Kana ganin Allah na yahe ma irina?"

Na ce masa rahamar Allah tana da faɗi. Ya daɗe yana dubana, bai saki hannun ba.

Da na fito na ratsa masu wayar nan, haushinsu na nan yadda yake. Amma na kasa rantsewa cewa babu komai a ransu.