Hasken da Ummaru Bai Gani Ba

Yayana Ummaru mai haɗa fibar ne, wato zaren gilashin nan da aka binne a ƙasa yana kawo rezo, sabis ɗin waya da intanet. Siririnsa kamar gashin kai. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki daga unguwar Lamadji har ta Toukra, duk inda masu haƙa suka tsinke layi shi ake kira. Hannunsa ba ya rawa, wannan kam na yarda. Amma taurin kai, sai dai Allah ya shirya!

Maigidan da ya koya masa aiki, idan yana neman zare a cikin damin zaruruwa, jar fitila yake haskawa ta can ƙarshen, sai Ummaru ya ɗaga bakin zaren kusa da ido ya ga ja. Haka ya saba, har ya raina na'urar awo. Wai idonsa ya fi ta gaskiya.

Bara kamfaninsu ya sauya kaya. Injiniyarsu Ikilima ta tara su ta yi bayani: sabbin akwatunan karɓar saƙo masu sauƙi ne, ƙarfin haske kawai suke aunawa, lissafi ke gyara sauran. Don saƙo ya isa da nisa, an ƙara wa hasken ƙarfi sosai, kuma irin wanda ido ba ya gani ne. Ta ce kada wanda ya ƙara leƙa zare. Da Ummaru ya ba ni labari, dariya yake yi.

"Yaya, don girman Allah ka ji maganarta," na ce.

"Hidaya, abin da ba a gani ne zai ci ni? Kalas, shi ke nan, bar zancen."

Wata ranar Talata layi ya tsinke a Lamadji. Ya sauka rami, ya ɗaga zaren ya leƙa da idon dama, ya daɗe yana leƙe don bai ga komai ba. Ko zafi bai ji ba. Ya gama aikinsa ya dawo gida, har ya ci tuwo.

Bayan 'yan kwanaki idon daman ya fara ba shi matsala, ya je asibiti. Likita ya ce hasken ya ƙone wani wuri a cikin idon, ba magani. Ummaru bai gaya wa kamfani ba, kullum yana fita aiki.

Jiya ya kira ni tsakar gida, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya dube ni.

"Ina ganin gyalenki," ya ce, "ina ganin kafaɗunki. Fuskarki ce babu."