Teburin Shafi'u a Sentul

Idan ka shiga shagon gyaran wayoyi na Haji Imran a unguwar Sentul ta Kuala Lumpur, ka wuce gilashin da ake jera wayoyi, can ƙurya kusa da ƙofar banɗaki akwai wani tebur. Yanzu kwalaye ne jibge a kansa. Shekaru da dama teburin Shafi'u ne, kuma har yau in na shiga shagon ba na son kallon wajen, raina ɓaci yake yi.

Shafi'u ɗan Gwammaja ne a Kano. Karatun kwamfuta ne ya kawo shi Kuala Lumpur, wata jami'ar kuɗi a Bukit Jalil, ya gama bai koma gida ba. Ni daga baya na zo, da gemuna da furfurata, gwamnati ta turo ni digiri na uku, shi ya sa yake kirana Dakta tun ban rubuta ko babi ɗaya ba. Na hana shi, ya yi kunnen ƙashi. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma a garin nan shi ya nuna min inda ake samun garin tuwo da busasshiyar kuɓewa.

Sana'arsa haɗa kibod na kwamfuta. Kada ka yi dariya, don ni ma na yi a ranar farko. Na ce masa yanzu kai Shafi'u, abin da ake ba mutum kyauta in ya sayi kwamfuta shi ka mayar sana'a? Sai ya turo ɗaya gabana ya ce in rubuta sunana. Na danna, sai na ji wani sauti mai kauri kamar ɗigon ruwa a cikin randa. Na rubuta Abdulgani, na goge, na sake rubutawa, na ƙara da sunan mahaifina da na kakana. Yana kallona yana murmushin mugunta.

Ashe ƙarƙashin kowane harafi akwai wani ɗan akwati da bai wuce girman ƙwayar gurjiya ba, suna ce masa suwic, da siririn sifirin a cikinsa. Aikin Shafi'u shi ne ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa musu giris da wani buroshi da bai kai tsinken sakace kauri ba, ya mayar ya rufe, sannan ya narka dalma ya liƙa kowanne a mazauninsa. Kibod ɗaya sai ya ci masa kwanaki. In ya gama ba ido yake sawa ba, kunne yake sawa. Zai runtse ido ya bi haruffan yana saurare, wanda ya ji yana ƙaras-ƙaras ya cire ya sake shi tun daga farko.

A wancan lokacin harkar ta masu hali ce. Ba a zuwa kanti a saya. Sai mutane sun haɗu sun yi oda daga waje, a jira shekara guda ko fiye kafin kayan su iso, kuɗinsu kuwa ya kusa sayen babur. Wanda ya yi wannan jira ba zai yarda ya sa hannunsa ya lalata ba, sai ya kawo wa Shafi'u. 'Yan China na garin, Malayawa, da yaranmu 'ya'yan masu kuɗi da ke zaune a dogayen benaye na Bukit Jalil, duk layi suke yi masa. Sifu suke kiransa, wato gwanin sana'a, shi kuma sunan na yi masa daɗi, ba ya ɓoyewa.

Haji Imran dattijo ne Bamalaye, mai sanyin magana. Da ya ga yadda ake neman yaron, sai ya ba shi tebur a shagonsa, ya kuma sa shi a takardun kamfaninsa a matsayin ƙwararren ma'aikaci. Da wannan ne Shafi'u ya sami takardar zama, wadda ake sabuntawa lokaci-lokaci. A jikin takardar nan matarsa Zuhra take rataye, haka 'yarsu Walida, wadda a nan aka haife ta, a nan take makaranta, in ka yi mata Hausa ta mayar maka da Malayanci. Kano sau ɗaya aka kai ta, tana goye. Zaman mutum uku ke nan a kan tebur ɗaya kusa da banɗaki.

Zamanin kullen korona shi ne kakarsa. Kowa na gida, kowa na son abin da zai danna ya ji daɗi, aiki har ya yi masa yawa yana mayar da wani. Na ce masa ya koyi wani abu ya haɗa da wannan, ko gyaran waya ne, tunda ga shi a cikin shagon. Ya ce min, "Dakta, kai dai ka gama babinka." Na ji haushi, na ƙyale shi.

To bayan an buɗe gari sai abin ya fara juyawa. Masana'antu a China suka gane akwai kasuwa, suka shiga yi da yawa. Jikin alminiyon mai nauyi, suwic ɗin an riga an shafa musu giris da inji, kuma ba ruwanka da dalma, da hannu za ka zare wannan ka cusa wancan. Ka taɓa wayarka yau, jibi ɗan saƙo ya kawo maka har ƙofa, a kuɗin da a da ko hulunan haruffan, waɗanda ake kifawa a kan suwic, ba zai saya maka ba. Ɗaliban da sai dai su leƙa na wasu su haɗiyi yawu, kowa ya mallaki nasa. Ba zan ce abin bai yi kyau ba, ya yi, yara sun ji daɗi. Amma teburin Shafi'u ya yi tsit.

Shi kuwa taurin kai ya hana shi gani. Na kwali yake ce wa na masana'antar, da raini. Ya ce inji ba shi da kunne, zuba giris kawai yake yi, mutane za su gaji su dawo. Sai in same shi zaune ba aiki, yana buɗe suwic ɗin da ya riga ya gama yana sake shafawa, don kada Haji ya gan shi hannu sake. Zuhra ta fara yin alkaki da dubulan tana aika wa ɗalibai, ta ce wai don kewar gida take yi. Duk mun san ba haka ba ne.

Da lokacin sabunta takarda ya matso, Haji Imran ya zaunar da shi. Ba da faɗa ba, mutumin bai iya faɗa ba. Ya ce shi ma yana so ya fara sayar da na kwalin, kuma wannan aikin ko ɗan ƙanensa ma zai iya tsayawa ya miƙa wa mutane. Ɗaukar baƙo daga wata ƙasa sai in akwai abin da hannunsa ke yi wanda ba a samu a wani wuri. Ya ce in har akwai, to a nuna masa, shi zai sa hannu da farin ciki.

Masu wannan harka suna da wata al'ada. Lokaci-lokaci sukan kama zaure su taru, kowa ya jera nasa a tebur, a yi ta zagayawa ana dannawa ana saurare ana gyaɗa kai. Akwai irin wannan taro da za a yi a Bukit Jalil. Shafi'u da bakinsa ya kawo shawarar, ba wanda ya sa shi. Ya ce zai haɗa kibod da hannunsa, Haji ya kawo na kwali mai girma ɗaya da nasa, a sa musu huluna iri ɗaya, a rufa musu zane, mutane su zura hannu su danna su faɗi wanda ya fi. Na ce masa kada ya yi. Na ce abin da kake ci da shi ba a kai shi caca. Ya ce ba caca ba ce in ka san abin da ka sani.

Ya yi makonni a kan kibod ɗin nan. Idonsa ya yi ja, yatsunsa duk ƙunar dalma. Da ya gama ya kawo min na danna, wallahi ban taɓa jin irinsa ba, har na fara tunanin ko ni ne mai ƙaramar zuciya.

Ranar Asabar bayan azahar muka je, ana ta ruwa. Zauren ya cika da matasa, ko'ina ƙas-ƙas-ƙas. Haji ya zo da farar hularsa ya sami kujera a gefe. Wani yaro daga masu shirya taron ya jera kibod biyun ya rufa musu baƙin zane, ya jujjuya su yadda ba wanda ya san na dama ko na hagu. Mutane suka yi ta zuwa. Wannan ya ce na dama, wancan ya ce na hagu, da yawa suka ɗaga kafaɗa suka ce duk ɗaya ne. Ina kallon Shafi'u yana ta haɗiyar rai, yana cewa kunnuwansu ne ba su nuna ba.

Da a nan aka tsaya, da ana iya cewa an yi canjaras. Sai wani ɗan Najeriya, Khalifa, cikin yaran da a da suke yi masa layi, ya ce cikin wasa ai Sifu ne ya kamata ya nuna musu yadda ake ji. Aka yi tafi. Na kama hannun rigar Shafi'u, ya fizge.

Ya zauna, ya runtse ido yadda ya saba. Kowa ya zuba masa ido. Ya bi na hagu harafi-harafi, ya koma na dama, ya daɗe a kan dogon madannin nan na ƙasa da ake ba da tazara da shi, yana bugun gefe da gefe. Sannan ya buɗe ido ya dafa na dama. Bai tsaya nan ba, sai da ya yi musu bayani da Turanci, cewa su saurari yadda dogon madannin ba ya karkarwa ko kaɗan, su ji yadda kowane harafi yake daidai da ɗan'uwansa. Ya juyo wajena ya faɗa da Hausa, yana murmushi.

"Dakta, wannan hannu ne. Inji ba ya yin wannan."

Yaron da ya jera su ya yaye zanen. Na kwali ne.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi sauƙi. Khalifa ya sunkuyar da kai. Shafi'u ya ɗaga kibod ɗin ya juya bayansa ya ga tambarin masana'anta, ya ajiye a hankali, ya ce a sake. Aka ce masa ba komai Sifu, kowa na kuskure. Na waiga wajen Haji Imran, na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ƙi kallon kowa. Nan na san an gama.

A jirgin ƙasa da muke komawa, kibod ɗin Shafi'u na kan cinyarsa a cikin jaka. Ni kuma haushi ya cika ni, na rasa wa zan ji wa, shi ko Khalifa ko masu injin.

Bayan kwana biyu na je shagon. Na tarar ya karɓi na kwalin daga wajen Haji ya wargaza shi gaba ɗaya, ya buɗe suwic ɗin duka ya baje a tebur, yana duba su da madubin ƙara girma. Aibu yake nema. Na zauna ina jiransa har aka kira la'asar. Ya ajiye madubin ya murza ido.

"Sun iya, Dakta," ya ce. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Haji Imran bai sa hannu ba. Ya yi masa alheri daidai gwargwado, ya biya musu kuɗin jirgi, ya rungume shi yana ba shi haƙuri har da hawaye. Ban ga laifinsa ba, ko da yake na so in gani. Shafi'u ya buga ƙofofi da dama, ko'ina aka ce masa digirinsa ya kwana biyu, kuma shafa giris ba ya cikin abin da suke nema. Kayan aikinsa ya raba wa yara kyauta. Na tambaye shi me zai yi a Kano, ya ce Allah na nan, amma bai kalle ni ba da ya faɗa.

Walida ba su gaya mata gaskiya ba. Zuhra ta ce ba za ta iya ba, shi ma ya ce ba zai iya ba, sai suka ce mata hutu za a je wajen kaka. Ranar tafiya na je taya su sauko da akwatuna. Yarinyar ta fito rungume da wata kwalba, da ɗan jan kifinta a ciki, ta miƙo min. Ta yi min bayani da Malayanci, uban yana fassara min da murya ƙasa-ƙasa, cewa ƙwayar abinci uku ake ba shi da safe, kada in cika masa, kuma in riƙe mata shi sai ta dawo an koma makaranta. Ta tambaye ni boleh, wato zan iya?

Na kalli Shafi'u, ya juya yana gyara igiyar akwatin da ba abin da ya same ta. Na karɓi kwalbar na ce mata boleh.